Iyakarsa Zaure

Da aka tono gawar matar daga ɗakin da ya rufta, mai gidan hayar bai ji komai ba, ko ruwan da ke jiƙa masa riga.

Kowace shekara kafin damina yakan zo duba wannan gida nasa na Magama. Ya leƙa indararo, ya ƙwanƙwasa katanga da sanda, sannan ya ja ya tsaya a zaure. Matar aure ce a ciki, mijinta kuma direba, kullum yana hanyar Maraɗi. Sai dai ya ɗaga murya: "Ɗakin lafiya?"

"Lafiya lau, Baba," take amsawa daga bayan labule. Ya juya abinsa, yana ganin ya kyauta.

Yau mijin na durƙushe cikin laka. "Tsoro take ji ka ce mu tashi a yi gyara, Alhaji. Ina za mu?"

Alhaji ya wuce zauren, karo na farko. Bango ɗaya ya rage a tsaye, ya tsage daga sama har ƙasa, an cusa tsummoki a tsagar. Na ƙasa sun koɗe sun ruɓe. Na sama ɗankwali ne, sabo fil.

Ya isa inda ƙofar ɗakin take a da. Babu ƙyaure, babu labule, babu rufi. Sai ya ji bakinsa ya yi sallama, ya tsaya yana jiran a ce ya shigo.