Motar Tana Gareji

Motar hayar da za ta kai 'yan ƙwallo wasa na tsayawa, shugaban kulob ya gane ta. Tsohuwar motarsu ce. An shafe ta da shuɗin fenti, amma ga lotsawar ƙofar nan.

Da annoba ta rufe filinsu, kuɗin tikiti ya yanke, sai ya sayar da ita a ɓoye ya biya albashi. Duk wanda ya tambaya, ya ce masa tana gareji.

'Yan wasan suka shiga motar, kowa ya nufi tsohuwar kujerarsa. Shi kuwa shugaban ya tsaya a waje.

Kyaftin ya leƙo ta taga. "Ranka ya daɗe, makanikin nan ya iya fenti. Shigo, mun bar maka wurinka."