Garin da Aka Gani a Cikin Garwashi

An yi wani ɗan kasuwa, irin mutanen nan da ko gaisuwa a tsaye suke yin ta, mota na kunne. Mahaifinsa ya tsufa, yanar ido ta fara rufe masa gani, kuma abu ɗaya yake roƙo: a kai shi ya ga garin da aka binne cibiyarsa, can arewa inda ko burji bai kai ba, tun duhun bai gama rufewa ba. Da ƙyar ɗan ya ware yini guda. Nufinsa a je, tsoho ya kalla, a juyo a kwana a gida. Suka bar kwalta suka nausa daji, motar na hawa tudu tana gangarawa. Saura ƙiris su isa, sai ta faɗa wani lallausan yashi ta kafe. Ya taka totur, ta ƙara nutsewa. Ya tona da hannu, ya zuba ƙirare, ya sake takawa, ina, sai da cikinta ya zauna daram a ƙasa. Haushi kamar ya kashe shi.

Da ya ga rana ta faɗi babu sarki sai Allah, ya tattaro busassun itacen aduwa ya hura wuta, ya shimfiɗa wa tsoho tabarma, ya ɗora shayi. Daji ya yi tsit, taurari suka fito birjik har kamar a miƙa hannu a tsinko. Tsoho ya miƙa tafukansa ga wutar, ya shaƙi hayaƙin, ya ce, "Ka ji wannan ƙanshin? Haka ɗakin kakarka yake." Shi ke nan baki ya buɗe. A cikin labari ya shigo da ɗan garin ta ƙofar gabas, ya nuna masa kukar da mahauta ke zama, ya bi da shi lungun masu saƙa, ya karya dama zuwa rijiyar da mata ke waƙa in suna jan guga, har zauren gidansu mai ƙofar kara. Ɗan yana kallon garwashi, garin yana tashi a cikinsa gida bayan gida. Ga shi da furfura a gemu, amma bai taɓa zama ya ji wannan ba. Kunya ta kama shi, tausayi kuma ya fi kunyar.

Da asuba raɓa ta danne yashin ya yi tauri, motar ta fita kamar ba ita ba. Da hantsi suka isa. Babu gari. Kufai ne, yashi ya cinye komai, sai kututturen kuka da bakin rijiya. Tsoho ya tsaya yana ƙifta idon da ba ya ganin komai sai hazo, ya ce, "Me kake gani?" Ɗan ya kama hannunsa. "Ga kukar nan, Baba. Mu bi ta lungun masu saƙa." Ya karya da shi dama, suka wuce rijiya, ya tsayar da shi daidai inda zauren yake. Tsoho ya cire takalmansa, ya yi sallama.

To, da motar nan ta kai su jiya yadda ya so, da ba shi da abin cewa sai "Babu komai, Baba, mu koma." Shi ya sa Hausawa ke cewa, wani hani ga Allah baiwa ne.