Telan da Ya Ƙi Bin Sawun Jaki

Kai da kullum kake neman a gajarce maka hanya, gyara zama ka ji abin da ya sami wani tela. Akwai wani ƙauye a cikin duwatsu da duk shekara, kafin ruwan farko, ake yin tattakin taimako. Masu jini a jika su yi gudu, tsofaffi su taka a hankali, daga kasuwar gindin dutse har asibitin haihuwa da ke can bisa. A waccan shekara iskar bazara ta yaye rufin asibitin, sai wani attajiri ya yi alkawarin fallen kwano ɗaya a kan duk wanda ya isa kafin kiran azahar. Telan nan ɗan birni ne, bai taɓa hawa abin da ya fi tsani ba, amma ƙanwarsa a ƙauyen take aure, ga ta da tsohon ciki, don haka ya ce da shi za a yi. Tun daga kasuwa yake hango bangon asibitin kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Abin da ya ɗaure masa kai, hanyar da aka shata da farar ƙasa ba can ta dosa ba. Ta yi gabas, ta komo yamma, har ta juya wa asibitin baya. Ya kasa haƙuri, ya tambayi wata tsohuwa mai dogara sanda ko wa ya fitar da wannan hanya. Ta ce, "Jaki, ɗan nan. Kakanninmu kaya suka labta masa suka sake shi, inda ya taka nan muke takawa."

To, ka san tela da yarda da idonsa. Ya yi dariya, ya ce shekara ashirin yana awo bai taɓa ɓata yadin kowa ba, ba jaki ne zai koya masa nisa da kusa ba. Ya saki jama'a ya miƙe sak. Bai yi nisa ba sai ga kwazazzabo a gabansa, wanda ba a ganinsa daga ƙasa. Ya gangara da rarrafe, ya haura da ƙyar, ashe na biyu na jiransa, ya ma fi zurfi. Yana cikinsa, ƙaya ta keta masa wando, ya ji ladan ya ɗaga murya. Tsohuwar kuwa tuni ta isa har ta jiƙa maƙoshi da fura. Da aka zo rufi falle ɗaya ya gaza, aka toshe kusurwar da zana. Ranar da ƙanwarsa ta haihu ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ungozoma ta ja gado gefe, ta tara roba, shi kuma yana rakuɓe a bakin ƙofa yana jin ɗigon ruwa a cikinta, ya kuma san gurbin fallen wa ke yoyo. Wallahi ko ni na tausaya masa.

Ba a banza magabata suka ce, hanyar lafiya a bi ta da shekara ba.