Takardar Taga ta Uku

Ko rigar sanyi Etelka ba ta tsaya ɗauka ba. Rediyo ya ce an ɓamɓare katakon tsohon taragon jirgin ƙarƙashin ƙasa na Budapest, kuma duk abin da aka tsinta cikin bangonsa za a baje wa jama'a yau da sha biyu. Ta bar miya a wuta ta fita da gudu, tsohuwa mai shekara saba'in da uku.

Ta san taragon nan kamar yunwar cikinta. Da maɗaurin fata ake sauke tagoginsa, gilashin ya shige cikin bango. A bakin wannan rami 'yan mata kan maƙale wa samari takarda. Tata ta zame ta faɗa ciki shekara hamsin da biyu da suka wuce, wanda aka rubuta wa bai taɓa ganinta ba.

Ga shi mijinta Dezső ne babban baƙo a wajen baje kayan. Shi ya tuƙa taragon har bayansa ya ranƙwafa, don ɗakin direban akurki ma ya fi shi tsayi.

Ta tarar da Zsiga kafinta yana jera tsofaffin tikiti da maɓallai a kan tebur.

"Etelka néni," ya ce, wato Inna Etelka, "kayan tarihi ba a taɓawa."

"Ɗan nan, takarda ɗaya ce, shuɗiya, daga taga ta uku. Ka rufa mini asiri."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Au, ashe tsohuwar zuma ce! Wa ya yi sa'a? Kwandasta?"

"Sau biyu ana yi wa Dezső aikin zuciya. In ya gan ta, ka kashe shi."

Ta durƙusa a kan ƙurar katako tana kuka, ga ƙarar sandar Dezső tana matsowa daga ƙofa. Zsiga ya warware takardar ya karanta. Dariyar ta ɗauke. Ya cusa mata ita a hannu.

"Etus! Kin fito ba rigar sanyi, so kike ki mutu ki bar ni?" Dezső ne, da sunan da yake kiranta. Ya yafa mata rigar, ya dubi kafinta. "A tagar can na nemi aurenta. Kunya ta hana ta amsawa, na ce shiru ma magana ce, na kai zobe."

Etelka ta damƙe takardar, ta jingina da mutumin da ta fi so a duniya. Layi ɗaya ne a ciki, da rubutunta: "Dezső, ka yi haƙuri, ba zan aure ka ba."