Tsibirin Maigida

Saura kwana biyu in tashi daga Dakar zuwa tsibirin Sal, na sauko da allona na hawan raƙuman ruwa, wanda rabona da shi shekara ashirin. Wata takwas ina nazarin iska da cikar teku, komai na auna.

Matata ta ce, "Zakaran Dakar, gwada shi a gaɓarmu tukuna, kada ka kunyata mu a ƙasar mutane."

Na ce, "Tsaya ki ga aiki."

Ina hayewa, allon da aka sassaƙa wa siririn saurayi ya nutse, ya zille. Na faɗi rigingine, tumbina kaɗai a saman ruwa.

Ta ƙwala murya: "Maigida, ina kuma za ka? Ga tsibiri nan, shekara ashirin ina gina shi da shinkafa da kifi!"