Takardar da Aka Cire wa Suna

Kowace Laraba da hantsi, dattawa shida na wata ƙaramar majami'a a Madawa sukan sa hannu cikin ƙwarya, kowa ya ɗauki takarda guda. Abin da ka ɗauka, shi za ka kai gaban Ubangiji har Laraba ta zagayo. Takardun ba su da suna. Fasto Hama ke kwafe kowane roƙo da hannunsa, ya cire sunan mutum da na gari, ya ƙone ta asali. Mushe Istifanus, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko inda ake kiran malami Mushe, shi ya kafa wannan doka tun faston yana cikin goyo, domin ya ga yadda addu'a ke komawa tsegumi.

A watan girbi Mushe ya ɗauko wata mai layi ɗaya: "Uwa tana roƙon ɗanta da ya tafi bai dawo ba."

Irin wannan roƙo ya fi kowane yawa a ƙwaryar. A nan ƙasar Adar babu gidan da ba shi da ɗa a Abijan ko Libiya. Ya yi mata addu'a kwana bakwai, ya rubuta ranar a kayensa, littafin da yake rubutu a ciki, ya ja layi.

Bayan wata guda ta sake faɗowa hannunsa, da ƙarin magana: "Uwar ta kwanta." Daga ranar zama ya gagare shi. In ya durƙusa, kafin ya kai amin, sai magana ta taso masa a ƙirji, a hankali, ba gaggawa: *Ka san shi.*

Mushe ba mai saurin cewa "Allah ya ce mini" ba ne. Ya ga waɗanda suka rushe gidaje da wannan kalma. A makarantar mishan an koya masa a auna murya: ta dace da Littafi, ta tsaya bayan azumi, ta bar salama. Ya yi azumin kwana uku. Muryar ta tsaya. Bai sami inda ta saɓa wa Littafi ba. Salamar ce kawai ta ƙi zuwa, ya ɗauka sai ya cika aikin.

Ya buɗe akwati, ya fito da rajistar ɗalibansa ta shekara talatin. Ya bi su da bakin alƙalami, ya ware goma sha tara da ya san sun tafi ci-rani. Ya zaga gidajensu da ƙafa, yana tambayar lafiyar iyaye mata. Duk suna tsaye, sai ta wani Nazir da ke fama da ƙafa. Ya nemi lambar yaron, ya kira shi Agadas, ya yi masa wa'azin minti goma.

"Mushe, jiya-jiya munka yi magana da Inna," in ji Nazir. "Har ta zage ni a kan goro. Ko dai wani kake biɗa?"

Ya soke sunan. Ya koma tasha, yana duba fuskar duk wanda ya sauko da jaka. Masu lodin mota suka fara yi masa ba'a.

"Baba, kullum tarbo, ba ka tahiya! Kai ina ne garinku?"

"Sama," ya ce, kamar yadda ya saba amsawa.

Laraba ta gaba wani dattijo ne ya ɗauko takardar, ya karanta a fili: "Uwar ta daina cin abinci." Mushe ya miƙa hannu ya karɓe ta, abin da ba a taɓa yi ba. Da aka tashi ya tare faston a bakin ƙofa.

"Hama, ba ni sunan."

"Baba, kai ka ce a ƙone. Wallahi ya shige mini, roƙon nan da yawa. Amma wata Musulma ce ke kawowa. Jaratu. Takan zo sarin tabarmi ranar kasuwa."

Kwana ukun da suka rage kafin ranar kasuwa bai iya karatu ba. Ya share ɗakinsa, ya sake sharewa. Ya shirya abin da zai gaya wa yaron in ya same shi, da ayoyi biyu a kan girmama iyaye. Yana jin haushinsa ma. Wane irin ɗa ne wannan?

Ya iske Jaratu tana ɗaure tabarmi, mace ce da ba ta wuce talatin ba. Suka gaisa, ya faɗi ko shi wane ne a majami'a.

"Ayya, Baba, ku ne masu roƙon? Ku ƙara himma. Da na baro ta da sahe numfashi kaɗai ya rage. Motarmu na tashi da la'asar, ban san abin da za ni iskewa ba."

"Yaron nake nema. Ina ya nufa? Abijan?"

"Yaro?" Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ya girmi ubana. Ni matar jikanta ce, ban taɓa ganinai ba. An ce ranar da ya tahi ta hwaɗa mishi magana mai zahi a gaban mutane, ta ce ba ta haihe shi ba. Tun sannan take cizon yatsa. Ta ba malamai, ta yi sadaka, shiru. Sai bana ta ce mini, tunda ya bar jin namu, in kai ƙofar waɗanda yake ji, ko nasu roƙon ya cim mishi."

Mushe ya dafa tarin tabarmin.

"Sunansa?"

"Rabo. Rabo ɗan Saude, na Tamaske."

Shekara arba'in da uku ke nan rabon da wani ya kira Mushe Istifanus da wannan suna.