Tulun Iskar Kulu

Kumfa ta uku ta taso daga wuyan tulun, 'yar ƙarama kamar ƙwayar gero, ta fashe a saman ruwa. Malam Sada mai sito ya miƙe daga bakin kwamin ruwan gwaji, ya goge hannu a gefen rigarsa, ya ce tulun nan ba ya fita.

Mudi direba ya ɗora hannu a ka. Tun hantsi ya baro Malumfashi da motar audugar ubangidansa, ko izini bai tsaya nema ba. Matarsa Kulu na kwance a wani ƙaramin asibiti can, ciwon haƙarƙari ya danne ta, tana jawo numfashi kamar mai jan guga a rijiyar rani. Likita ya ce tulun iskar da ake shaƙa mata ba zai wuce la'asar ba. Ya rubuta takarda, ya ce saura guda ɗaya tak a siton wani kamfani, bayan tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa.

Ga shi kuwa an same shi, ƙaton tulun ƙarfe mai tsayin mutum. Sai dai akwai doka manne a bangon sito, wadda Malam Sada ya san ta fiye da sunayen 'ya'yansa. Kowane tulu sai an nutsar da shi a ruwa minti biyar cur. In ruwa ya kwanta lafiya, a buga hatimi. In kumfa ta fito, ko guda ce, a shafa masa jan fenti ya jira makanikin Kaduna, wanda ba ya zuwa sai Alhamis. Ran nan kuwa Litinin ce.

Mudi fa ba mutum ne da doka ta taɓa tsayarwa ba. Shi ne ya wuce 'yan doka a Bakori da lodin da ya fi motar tsawo, har suna yi masa fatan sauka lafiya. Ya roƙi a sake gwaji, ya faki ido ya riƙa motsa ruwan da gwiwar hannu don kumfar ta ɓace. Malam Sada ya jira ruwa ya natsu. Kumfa ta taso abinta.

Mudi ya durƙusa a ƙasa. Ya ce zai ɗauke shi a ka har Malumfashi. Ya ce a rubuta duk laifin a wuyansa.

"Iskar nan in ta haɗu da man mota, kai da motar toka za ku zama kafin Bakori," in ji Malam Sada. "Ba ƙeta nake maka ba, direba. Allah ya ba ta lafiya."

Aka kira azahar. Malam Sada ya ajiye gwangwanin jan fenti a kan tebur, ya ce in ya dawo zai shafa, ya ɗauki buta ya fita.

A nan ne Baba Baƙo ya matso, tsohon leburan sito, wanda ya shekara ashirin yana facin taya a tashar mota kafin ƙarfi ya fara gudu. Tun ɗazu yake kallon Mudi, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Tashi ka je ka yi salla, ɗan nan. Bar ni da shi."

Mudi bai san abin da ya karanta a sallar nan ba. Yana sujada yana jin wani dogon huci daga wajen tasha, irin na kan jirgi in yana zubar da tururi, shi kuwa ba abin da yake ji a ciki sai numfashin Kulu.

Da suka dawo, tulu na jingine a inuwa, wuyansa ya yi sanyi ƙalau har da raɓa, a tsakiyar zafin bazara. Baba Baƙo ya cusa sifana a aljihu, ya ce Malam ya taimaka ya ƙara gwadawa sau ɗaya, don Allah. Malam Sada ya yi tsaki, amma ya cire agogonsa.

Minti ɗaya. Biyu. Mudi ya riƙe bakin kwamin gam. Biyar ta cika, ruwa kwance kamar madubi. Malam Sada bai yarda ba, ya ƙara wasu biyar daga aljihunsa. Ko ƙyas. Ya daɗe yana duban Baba Baƙo, sannan ya buga hatimi.

Lebura biyu suka cilla tulun a mota ba ko nishi. Mudi ya kama hannun tsohon, sai hawaye. Mil talatin ɗin nan ya haɗiye su kamar loma, awaki na tsalle, masu keke na faɗawa gona. Ladan bai kira la'asar ba ya ci birki a ƙofar asibiti, ma'aikata suka sungumi tulun suka yi ɗakin Kulu da gudu, shi kuwa ya zube a ƙasa yana godiya ga Allah.

A daidai lokacin, can Funtuwa, leburori sun kewaye Baba Baƙo a gindin ɗorawa, sai ya faɗa musu sirrin. Ya ɓare goro, ya gyara zama.

"Makanikin Kaduna me ya sani? Iska ce ta yi masa yawa, kamar taya in an cika mata ciki. Bakin na kwance masa, na bar shi ya yi ta huci har ya yi shiru don kansa, na kara kunne na tabbata ko ɗis ba ta rage ba, sannan na ɗaure."